WAYAR ƘASA DA KWAMFUTAR GIDA

Jawabin faɗakarwa ga masu gidaje, da 'yan haya, da dukan masu amfani da wutar lantarki



Wannan jawabi ya shafi wata matsala ce da ta zama ruwan dare a gidajen da aka girka kwamfuta ta tebur, watau irin mai akwatin ƙarfe wadda allon kallonta yake dabam. Mutum yakan kai hannu bayan akwatin domin ya soka wata waya, sai ya ji abu ya tsikare shi kamar cizon cinnaka. Wani kuwa gefen akwatin zai shafa da bayan hannunsa, ya ji ƙarfen yana wata 'yar karkarwa. Galibin mutane sukan janye hannu su yi dariya, su ce ai halin na'urar ke nan. Waɗansu su nemi takalmin roba su sa, su ci gaba da aikinsu, har abin ya zame musu jiki.

To, ruwa ba ya tsami banza. Kwamfuta lafiyayya da aka haɗa da soket lafiyayye ba ta jan mutum, ko da ƙafarsa tana kan siminti babu takalmi. Idan ta ja, alama ce hanyar da aka tanada domin ɓatacciyar wuta ta bi ta shige ƙasa ta yanke a wani wuri, jikin mutum ya maye gurbinta. Sau da yawa kuma laifin yana cikin wayoyin gidan ne, kwamfutar asiri kawai ta tona. Wayar nan da ta kasa kare mai kwamfuta, ita ce dai aka dogara da ita ta kare uwargida wajen firiji da dutsen guga, ta kare yaro wajen hitar ruwa. Saboda haka zancen ya wuce na lafiyar na'ura, ya kai ga rayukan mutanen gida.

WAYOYI UKU DA AIKIN KOWACCE

Wutar da ake rarraba wa gidaje a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne bisa ƙa'ida, tana kuma kaiwa da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Soket da fulogin da aka fi amfani da su irin na Ingila ne, masu ƙafa uku, kowace ƙafa da wayarta. Waya ta farko ita ke kawo wuta, ma'aikata suna kiranta layif. Ta biyu ita ce hanyar komawar wutar bayan ta gama aikinta, ana ce mata nutural. Ta uku ita ce wayar ƙasa, wadda ma'aikata ke kira at. A tsohon tsari, wanda har yanzu ake samunsa cikin bangon gidaje da yawa, layif ja ce, nutural baƙa, wayar ƙasa koriya. A sabon tsari kuwa, wanda ake gani cikin wayoyin na'urori, layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, wayar ƙasa tana da ratsin kore da rawaya. A nan akwai abin lura ga mai jin Hausa: kada suna ya ruɗe shi ya zaci waya mai launin ruwan ƙasa ita ce wayar ƙasa. Ita ce ma mai wutar.

Wayoyi biyun farko su ke sa na'ura ta yi aiki. Ta ukun ba ta ɗaukar wutar kirki a ranar lafiya, shi ya sa mai ƙaramin sani yakan ɗauke ta ɓarnar kuɗi, tun da ko an cire ta fitila za ta kama, kwamfuta za ta tashi. Aikinta na ranar tsautsayi ne. Bakinta ɗaya yana ɗaure da ƙarfen jikin na'ura, ɗayan kuma ya bi ta fulogi da soket da bango har allon raba wuta, daga can ya fita zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In robar layif ta goge har ta taɓa jikin na'ura, wutar za ta kwarara ta wannan hanya mai sauƙi, a sami abin da zai yanke ta kafin wani ya kai hannu. Dalili ke nan da ya sa ƙafar sama ta fulogi ta fi sauran tsawo, domin ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita.

Abin da ke halaka mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa. Ana auna wannan da amfiya, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya kuma shi ne miliamfiya. Wajen miliamfiya 1 mutum ke fara jin tsikara. Wajen miliamfiya 10 jijiyoyin hannu kan fara ƙanƙamewa, har ya kasa sakin abin da ya riƙe. In abin ya haura miliamfiya 30 ya ratsa ƙirji, numfashi da bugun zuciya sun shiga haɗari. Mutumin da jikinsa ke da lema, in ya riƙe bolt 230 sosai, abin da zai bi ta cikinsa yana iya wuce miliamfiya 200, alhali fis na amfiya 13 da ke cikin fulogi ko motsi ba zai yi ba. Fis waya yake karewa daga ƙonewa. Mai kare mutum ita ce wayar ƙasa, tare da wata bireka ta musamman mai gane yoyon wuta, wadda ake sayarwa da sunan RCD ko RCCB. Ita takan gwada wutar da ta fita da wadda ta komo, in ta ga giɓin ya kai miliamfiya 30 sai ta faɗi cikin abin da bai kai sulusin daƙiƙa ba.

ABIN DA YA SA KWAMFUTA KE FARA NUNA ALAMA

Cikin akwatin kwamfuta, ta baya, akwai wani ƙaramin akwati mai fanka, shi ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa bolt 12, da 5, da 3.3, waɗanda kayan ciki ke bukata. Yana yin wannan aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai cikin daƙiƙa, abin da ke haifar da hayaniyar lantarki mai dagula rediyo da talabijin. Domin tace wannan hayaniya, masu ƙera shi sukan sa waɗansu ƙananan kafasito biyu, ɗaya tsakanin layif da ƙarfen akwati, ɗaya tsakanin nutural da ƙarfen akwati. Ta cikinsu wata 'yar wuta takan tsiyaya zuwa ƙarfen a kowane lokaci. Da gangan aka yi haka, bisa zaton wayar ƙasa tana nan za ta kwashe.

In wayar ƙasa ta yanke, kafasiton nan biyu sukan raba ƙarfin wutar gida biyu, sai akwatin ya tsaya a tsakiya, watau wajen bolt 115. Wutar da ke bayansa kaɗan ce, ƙa'idar masu ƙera irin waɗannan na'urori ba ta yarda ta wuce miliamfiya uku da rabi ba, galibi ma ba ta kai haka. Ta isa dai ta tsikari mutum, ta kuma sa testa mai 'yar fitila ta kama in an ɗora ta bisa akwatin. Har wa yau, in an tara kwamfuta da allon kallo da firinta a kan estenshan guda marar wayar ƙasa, yoyon kowannensu yakan haɗu da na ɗan'uwansa, cizon ya ƙara zafi.

Wani zai ce, tun da wutar kaɗan ce, mene ne abin tsoro? Abin tsoro biyu ne. Na farko, tsikarar nan shaida ce cewa garkuwa ta faɗi, duk ranar da roba ta goge ko kafasito ya lalace, bolt 230 cif za su hau akwatin babu inda za su bi sai jikin wanda ya taɓa. Na biyu, hannu ba ya iya bambance yoyo mai sauƙi da lalacewa mai kisa sai bayan aikin gama ya gama. Don haka ba a gwada wuta da hannu.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Ban da tsikara, akwai waɗansu alamomi. Akwai ɗan tartsatsin da kan fito in an zo soka wayar allon kallo ko ta firinta. Wannan tartsatsi shi ke ƙona ramukan USB da na HDMI, mai kwamfuta ya wayi gari ya tarar rami ya mutu bai san dalili ba. Akwai gurnani marar yankewa cikin lasifika ko abin sawa a kunne, wanda kan ragu ko ya ƙaru in an taɓa akwatin. Akwai linzami ko allon rubutu da kan yanke ya dawo haka kawai, da kwamfutar da kan daskare ko ta sake tashi da kanta sa'ad da firiji ko injin ruwa ya kama. Waɗannan na ƙarshe suna da dalilai da yawa, amma in sun zo tare da tsikara, wayar ƙasa ce farkon abin tuhuma.

Ya kamata kuma a bambance wannan da tartsatsin hunturu. Lokacin da iska ta bushe, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jikin mutum yakan tara lantarki daga gogayyar tufafin leda da kafet da kujerar roba, ya sauke shi tas a kan ƙarfen da ya fara taɓawa. Alamarsa ita ce sau ɗaya yake cizo, in an sake taɓawa nan take ba a jin kome. Yoyon wuta kuwa yana nan muddin fulogi yana cikin bango. Tartsatsin hunturu ba ya cutar da mutum, amma yana kashe kayan cikin kwamfuta, domin mutum ba ya fara jinsa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali abin da bai kai bolt 100 ba ya isa ya lalata waɗansu ƙananan sassa. Saboda haka wanda zai taɓa cikin kwamfuta ya fara dafa ƙarfen akwatin, ya riƙe kowane allo ta gefensa.

BIN DIDDIGIN MATSALA

Hanyar ƙasa kamar sarƙa take, gaɓa ɗaya in ta ɓalle duka ta tashi aiki. Hikima ita ce a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi da arha, a ƙare da mai wuya. Kafin a taɓa kome a adana aikin da ke cikin kwamfuta, a kashe ta, a zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Hannu ya zama busasshe, ƙafa da takalmi, a kuma kawar da yara daga wurin.

Mataki na 1, a raba na'urori. A zare duk wayoyin da suka haɗa kwamfuta da waɗansu na'urori masu nasu fulogin, kamar firinta, da lasifika, da talabijin, da dikoda. A mai da wuta, a ɗora testa a kan sukurun bayan akwatin. In ba ta kama ba, a riƙa mai da na'urorin ɗaya ɗaya, ana kashe wuta kafin kowane haɗi, har a gane wadda ke kawo yoyon. Sau da yawa talabijin ko dikoda mai fulogi ƙafa biyu ne ke turo wuta ta wayar hoto. Gurnanin lasifika kuma yakan ɗauke in an haɗa kwamfuta da dukan 'yan rakiyarta a soket guda mai wayar ƙasa, maimakon a warwatsa su soket dabam dabam.

Mataki na 2, a duba wayar kwamfuta da fuloginta. A ga ko ƙafar sama ta karye, ko ta yi tsatsa, ko tana girgiɗi, ko ma ta roba ce. Fulogi mai ƙafar roba an yi shi ne domin na'urori marasa jikin ƙarfe, bai halatta ga kwamfuta ta tebur ba. In fulogin mai buɗewa ne, a kwance shi a ga ko waya mai ratsin kore da rawaya tana ɗaure tam. Akwai jabun wayoyi a kasuwa masu ƙafa uku a waje, waya biyu a ciki. Mai mitar awo ta hannu, wadda ake kira maltimita, yana iya tabbatarwa ba tare da wuta ba: a soka wayar jikin kwamfuta, a bar fulogin a waje, a sa tsinken mita ɗaya a ƙafar sama, ɗayan a kan sukurun akwati. Lafiyayyar hanya ba ta kai om 1 ba. In mita ta nuna babu haɗi, a sake waya.

Mataki na 3, a duba abin da ke tsakani, watau estenshan, da adafta, da sitabilaiza, da UPS. A nan aka fi kama ɓarawon. Estenshan mai araha yakan zo da ramuka uku uku, amma wayarsa siririya mai jijiya biyu, ramin sama ado ne kawai. A zare su duka, a soka kwamfuta kai tsaye cikin soket na bango. In testa ta daina kamawa, an gano mai laifi. A nan ya dace a san cewa sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, UPS kuma riƙe wuta yake yi in an ɗauke, babu ɗayansu da ke ƙirƙiro wayar ƙasa inda babu ita. Haka nan estenshan mai maganin ambaliyar wuta, wadda kan zo sa'ad da aka maido wuta, ta wayar ƙasa yake zubar da wani kaso na ambaliyar, in babu ita kariyarsa ragaggiya ce.

Mataki na 4, a gwada soket. Akwai 'yar na'ura mai kamar fulogi da fitilu uku, in an soka ta takan nuna ko wayar ƙasa ta yanke, ko an juya layif da nutural. A gwada soket na sauran ɗakuna ma. In guda ɗaya ne ya gaza, wataƙila sukuru ne ya kwance a bayansa. In duka suka gaza, matsalar tana can tushe. Wanda ya ƙware da maltimita zai ga cewa, in ya fuskanci soket, ramin dama shi ne layif, na hagu nutural, na sama wayar ƙasa. Tsakanin dama da hagu a sami wajen bolt 230, tsakanin dama da sama a sami kusan haka, tsakanin hagu da sama kuwa 'yan bolt kaɗan. In dama da sama suka ba da sifiri ko wani adadi mai yawo, wayar ƙasa ta yanke. In hagu da sama ne suka ba da 230, an juya wayoyi, ma'anarsa fis da makunni sun koma kan nutural, na'ura tana ɗauke da wuta ko an kashe ta. Wannan awo ana yinsa ne da wuta a kunne, don haka wanda bai koya ba ya bar wa masu shi.

Mataki na 5, allon raba wuta da sandar ƙasa. Daga nan aiki ya fita hannun mai gida, ya koma na ma'aikacin lantarki mai lasisi. Zai duba ko an ja wayar ƙasa cikin bango tun asali, domin akwai gidajen da aka yi wa waya biyu kawai don rage kuɗi. Zai nemi sandar, ya ga ko mahaɗinta ya ci tsatsa, ko magina sun datse wayar wajen daɓe, ko ɓarayin jan ƙarfe sun yi gaba da ita. Sa'an nan ya auna sandar da mitarta ta musamman, domin ido ba ya nuna ingancinta. Iyakar ƙanƙantar adadin, iyakar kyansa, ƙa'idar aikin waya ta Ingila ma ta yi gargaɗi cewa sandar da awonta ya haura om 200 ba abin dogara ba ce. Ƙasa kuwa iri iri ce. Damshin Neja Delta yana karɓar wuta da sauƙi, amma rairayin Arewa mai nisa da duwatsun Jos da Abuja sukan bukaci a zurfafa sanda, ko a kafa fiye da ɗaya a haɗa su. Sandar da ta yi kyau a watan Agusta tana iya gazawa a watan Maris, don haka awon rani shi ne awon gaskiya. Gishiri da gawayi da ake zubawa cikin ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma ruwa yakan wanke gishirin, yana kuma cin ƙarfe. Da yake sanda ita kaɗai ba kullum take jan wutar da za ta ƙona fis ba, wajibi ne a haɗa ta da bireka mai gane yoyo, a kuma riƙa danna maɓallin gwajinta aƙalla sau biyu a shekara.

Mataki na 6, janareta da inbata. In kwamfuta ba ta ja sai an koma wutar janareta ko ta hasken rana, to, can matsalar take. Ƙananan janareta da yawa ana ajiye su ne a tsakar gida a ja waya mai jijiya biyu zuwa ɗaki, babu abin da ya haɗa su da ƙasa. Ma'aikaci ne zai ɗaure jikin injin da sandar gida, ya tsara nutural ɗinsa bisa umarnin masu ƙera shi, ya kuma sa makunnin sauya layi na ƙwarai, domin kada wutar gida ta koma kan layin kamfani ta halaka ma'aikacin da ke bisa falwaya.

Mataki na 7, cikin kwamfuta. In duk gaɓoɓin nan lafiya suke, amma bireka tana faɗuwa da zarar an soka kwamfuta, ko ana jin ƙaurin ƙuna, to, akwatin wutar cikinta ya lalace. A duba sukurorin da suka ɗaure shi da jikin kwamfuta, a duba kuma ko wani sukuru ya faɗa ƙarƙashin babban allo. Amma shi kansa akwatin wutar kada a buɗe shi, domin manyan kafasiton cikinsa sukan riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare fulogi. Sauya shi ake yi da sabo.

GYARAN GANGAR AUZINAWA

Akwai dabarun da suka yaɗu waɗanda ke ɓoye alama su bar cuta. Na farko, ɗaura waya daga akwatin kwamfuta zuwa ƙusa a bango, ko ƙarfen taga, ko gwangwanin ƙasa. Wannan yana iya kwashe 'yar tsikarar, amma ba zai ɗauki wutar ranar tsautsayi ba, sai ma ya mai da tagar abin kisa. Na biyu, ɗaurawa a bututun ruwa. Yawancin bututun yau na roba ne, in kuwa na ƙarfe ne, ana iya aika wa mai wanka wuta ta kan famfo. Bututun gas kuwa ko kusa kada a yi. Na uku, karya ƙafar sama ta fulogi don ya shiga soket mai rami biyu, ko tura makulli cikin ramin sama don a cusa fulogin da ba na wurin ba.

Na huɗu shi ya fi duka muni, watau haɗa ramin ƙasa da nutural a bayan soket da guntuwar waya. Tsikara za ta ɗauke, har 'yar na'urar gwaji mai fitilu uku za ta nuna lafiya lau. Amma ranar da nutural ta tsinke a falwaya, ko wani ya juya wayoyi wajen sauya layi, jikin kowace na'ura da ke kan soket ɗin zai ɗauki wuta gaba ɗaya. Duk ma'aikacin da ya kawo wannan shawara, a sallame shi a nemi wani.

HAKKIN WA NE?

Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, ƙa'idar ba ta sauya ba: kamfani yana kawo wuta zuwa mita, wayoyin cikin gida kuwa suna wuyan mai gida. Ɗan haya da ya ga alama ya sanar da mai gida, zai fi kyau a rubuce, shi kuma mai gida ya sani rai aka ba shi amana tare da kuɗin haya. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke binciken ingancin aikin lantarki, ita ke ba ma'aikatan waya takardar shaidar ƙwarewa, don haka mai gida yana da ikon ya ce a nuna masa takardar kafin a fara aiki. Hukumar SON, wadda ta samo asali tun 1971, ita ke kula da ingancin kaya, ana kuma iya kai mata ƙarar jabun waya da soket. Wanda ke gini yanzu ya sa ido a ja waya uku zuwa kowane soket, a kafa sanda a inda za a iya dubawa, a auna ta a gabansa. Tun ran gini, ran zane.

Har wa yau a tuna, sandar ƙasa ta gida ba maganin tsawa ba ce. In hadari ya taso da walƙiya, a zare fulogin kwamfuta da wayar eriya da ta intanet har ya wuce.

IN WUTA TA KAMA MUTUM

Kada a taɓa shi da hannu, domin mai ceto zai zama na biyu. A kashe babban makunni ko a zare fulogi. In hakan bai samu ba, a tsaya bisa busasshen katako, a ture shi ko wayar da busasshiyar sanda. A kira lambar gaggawa 112. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin wuta takan yi ɓarna a ciki wadda ba a gani a fata.

Daga ƙarshe, abin da ake roƙon kowane magidanci shi ne ya duba gidansa tun yau, kada ya jira sai abin baƙin ciki ya auku. Kuɗin waya mai jijiya uku, da sanda, da bireka mai gane yoyo, bai kai kuɗin kwamfutar da ake son karewa ba, balle a yi zancen rai. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa maƙwabcinsa, malamai su isar wa ɗalibai, masu shagunan kwamfuta su isar wa masu sayen kayansu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye, ya ba da zaman lafiya.